Wada da Hoton Birgediya

Wada Mai Hoto ɗan Gangara ne, amma a Isa aka san shi, a 'yar rumfarsa ta bakin tasha. Gajeren mutum ne mai yawan tsaki, kullum yatsunsa a rine da maganin wankin hoto. A Gusau ya koyo sana'ar, ya dawo da kyamara mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle, ya yi shekaru yana ɗaukar maniyyata da 'yan makaranta da samarin Fulani masu son a gan su riƙe da rediyo.

Sai fari ya zo. To, wa zai so a ɗauki fuskarsa da yunwa a kanta? Gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba, shanu suna faɗuwa a hanyar Turba, maƙwabta suna toshe ƙofa da ƙaya suna shiga motar kudu. Abu guda ya riƙe gidan Wada, hotunan manyan soja. Zamaninsu ne, ba ofishin da ke zama babu fuskar mai kaki a bango. Shi ke kwafo su daga kalanda, ya sa a gilas, a sallame shi da ɗan hatsi. Matarsa Tani ta riga ta faɗa masa, ran da wannan ya yanke, su ma sai kudu. Shi kuwa ko sunan kudun ba ya son ji.

Ana nan wani Birgediya ya zo duba rabon agaji. Malam Attahiru, akawun da ke ba Wada aiki, ya aiko a guje: babban zai zauna a ɗauke shi, kuma a zauren taro za a kafa hoton. Wada ya shiga ƙarƙashin ƙyallensa. Mutumin ya gyara hula, ya ɗaure fuska, aka ɗauka, ya tashi ko sannu babu.

Wanda bai san aikin ba sai ya zaci daga an danna an gama. Ina! Sai an tsoma takardar a magani, sannan a ɗauraye ta da ruwa mai kyau, a zubar, a sake, a yi ta sakewa har maganin ya fita sarai. In bai fita ba, zama zai yi yana cin hoton a hankali. Ruwa kuwa a lokacin, Tani ke takawa har gulbi, ta tona rairayi da ƙoƙo, ta jira ya tsattsafo, ta ɗoro tulu ta dawo da rana tsaka. Faso ya tsattsaga mata dugadugai har tana ɗingishi.

Wada ya tsaya a kan randa da kwano a hannu. Abin da ke ciki na sha ne da girki. Ya san in ya yi magana za ta ɗauki tulu ta koma, ko uffan ba za ta ce ba, kuma wallahi abin da ya kasa gani ke nan. Ya ɗebi kwano guda, ya ɗauraye Birgediya a gurguje, ya shanya shi, ya ce Allah ya rufa asiri.

Hoto ya yi kyau, aka kafa, aka yaba. Kafin damina ta sake ƙin zuwa, ya fara yin rawaya. Goshi ya tafi, sai hanci, sai kumatu. Aka wayi gari hula ce da kaki da lambobin ƙirji kawai a bango, babu mutum a ciki. Nan da nan gari ya ɗauka, wai Wada ya yi wa soja asiri ya shafe shi. Waɗanda rabon agaji bai kai gare su ba har albarka suke sa masa a kasuwa, kuma wannan ya ƙara dagula lamarin.

Malam Attahiru ya zo rumfar da kansa, ko zama bai yi ba.

"Wada, ni na san ba ka da wani asiri. Amma in maganag ga ta kai Sakkwato, da ni da kai mun shiga uku. Daga yau a Gusau za a riƙa yo muna hotuna."

"Ruwa ne, Malam. Ruwan ɗauraya na yi ma ƙwauro."

"To, wa za ni gaya ma haka ya yarda?"

Shi ke nan, hatsi ya yanke. Wada ya naɗe kyamarar a tabarma, ya toshe ƙofarsa da ƙaya kamar kowa. A kudu ya ƙare kwanansa yana gadin wani shago, bai ƙara ɗaukar kowa hoto ba. Ba ya son zancen Birgediyan. Abin da yakan ba da labari shi ne ranar tafiyarsu a bayan akori-kura, da suka wuce Shinkafi Tani ta juyo gare shi.

"Mi ya hana ka hwaɗa mini kana son ruwa? Ai da na koma gulbin."

"Shi ya sa ban hwaɗa ba."

Ta dube shi da jajayen idanu, ta gyara wa ƙaramar ɗiyarsu kwanciya a cinyarta.

"Tafiya guda ce fa, Wada. Da ka bari na yi ta, da yanzu muna gida."