Hannun da Ya Ɓata a Faransa

Maƙwabcina a unguwar Parkchester, ma'aikacin ofishin jakadanci, ya dawo hutu daga Faransa ya hana mu sakat. Wai jirgin ruwa ya shiga, suna rarrafe a wata siririyar hanyar ruwa wadda a garinmu kwata za mu kira ta, ana tsayawa kallon tsofaffin gine-gine da gonakin inabi.

Bayan sallar Juma'a ya tare mu a ƙofar masallaci da hotuna a waya. Ga teburin abinci, ga Turawa kowa riƙe da kofin giya. Shi kuwa duk hoton da ya buɗe, an datse hannunsa na dama.

Na ce, "Alhaji, sannu. Ashe haɗari kuka yi?"

Liman na fitowa, da wannan hannun Alhaji ya riga kowa gaisawa da shi.