Mahfuzu mai fitar da tsutsar haƙori

Mahfuzu wanzami ne a ƙauyenmu, kusa da Karofane. Yana aski, yana ƙaho, amma an fi saninsa da fitar da tsutsar haƙori. Yakan zuba irin gautan kura a kan ƙarfe mai zafi, ya kifa ƙwarya mai huda, yaro ya buɗe baki hayaƙi ya shiga. Sai wasu fararen abubuwa kamar zare su zubo cikin kwanon ruwa, ya ce su ne tsutsotsin. Ba yaudara yake ba, haka ubansa ya koya masa.

Yaran gefenmu da yawa haƙoransu kan fito da dabbare, wani fari kamar alli, wani ja kamar tsatsa, su yi ta marmashewa. Haka na Fiddausiya suka fito, ɗiyar Attahiru manomin albasa. Turmin haƙorinta na ƙasa ya rube har ruwan randa ba ta iya sha. Uwarta Hamsatu ta kai ta wurin Mahfuzu, ya yi hayaƙi, ciwo bai tafi ba. Ranar da Attahiru yake garka, wato lambunsa, ta sake kai ta.

"Baba wanzam, tsutsar taka ta ƙi hita."

"In ta ƙi hita, sai mu rushe mata ɗaki," in ji shi. "Riƙe min ita."

Hamsatu ta danne ƙafafun yarinyar da gwiwa, shi ya cusa mata itace tsakanin muƙamuƙi ya kama haƙorin da awartaki. Haƙorin ya farfashe kamar busasshiyar laka, saiwar ta zauna. Ya bi ta da bakin aska yana tono. Jini ya cika bakin yarinyar, ta shaƙe, ta daina ihu. Bai samu saiwar ba.

Kuncinta ya kumbura har ido ya rufe, zazzaɓi ya kama ta, bakin ya ƙi buɗewa. Attahiru ya samu Mahfuzu ranar kasuwa yana yi wa wani aski. Bai yi sallama ba. Ya sauke masa ƙotar fartanya a kafaɗa, ya taka hannunsa na dama a kan dutsen wasa wuƙa ya yi ta duka.

"Da wanga hannun ka taɓa min ɗiya?"

Mun ji ƙasusuwan suna karyewa kafin mu iya janye shi. Mahfuzu bai rama ba.

Aka ɗora Fiddausiya a moto zuwa asibiti. Lokotoro ya tsaga ƙarƙashin haɓarta ya fitar da mugunya, ya ce babu wata tsutsa, haƙorin ne ya fito ba shi da ƙarfin ɓawonsa. Ta rayu, tana tauna da gefe ɗaya.

Yatsun Mahfuzu sun warke a karkace, ba ya iya riƙe aska. Yanzu igiya yake tufka da hagu a ƙofar gidansa. Har yau mata na kawo masa yara masu kuka, ya duba bakin a hankali, ya ce a kai su asibiti a gari.