Kwana Uku a Hanyar Gummi da Ɗinki a Mara

Talata: Gusau zuwa Anka

Ƙarfe biyar da rabi na asuba, ana fitowa daga masallaci, Isiya direba ya tsayar da motarsa Gwalf a ƙofar gidan ƙanen maigidana a Gusau. Kwanana goma sha uku ke nan da yi mini aikin tiyata: tara a gadon asibiti, huɗu a wannan gida ina jiran a cire zare. Ƙari ne ya cika mini mahaifa. Shekara uku ina zubar da jini, har ta kai na yanke jiki na faɗi a gaban allo ina koyar da 'yan aji huɗu. Da likita ya buɗe ya ga babu yadda za a raba ƙarin da mahaifar, sai ya fito ya sami Malam Bello, maigidana, ya sa hannu aka cire duka. Shekarata talatin da takwas, ɗiyata ɗaya, Zainabu.

Mu huɗu ne a motar. Malam na gaba kusa da direba, ni ina baya an kewaye ni da filo uku, sai Kulu, ɗiyar kawuna kuma taubashiyata, wadda ta bar 'ya'ya takwas a Bukkuyum ta zo jinyata. Ranar sallama likita ya kafa mini doka: kada in ɗauki abin da ya fi buta nauyi, kada in daɗe zaune a mota, in tari ko dariya ta zo in danne mara da filo. Kulu ta ce masa, "Likita, tari dai muna iya tare shi. Dariya kau, sai dai ka riƙe ni nan asibiti ita ta tahi." Dokar zaman motar ce ta sa tafiyar wuni guda muka raba ta kwana uku.

A bakin gari muka tarar da motoci a jere gaban shingen sojoji, don ba a sakin hanya sai gari ya waye sosai. Bakwai saura kwata aka ɗage. Da layi ya zo kanmu, wani soja ya leƙo ta taga, ya ga filon da na rungume a ƙarƙashin hijabi, ya sassauta murya ya ce, "Madam, haihuwa ce? Allah ya sauke lafiya."

Na ga Malam ya sunkuyar da kai. Ni kuwa na ƙara rungume filon.

Kulu ta ce, "Ai an sauke, ranka ya daɗe. Ƙato ne kamar kabewa. Sai dai ba ya kuka, ba ya shan nono, shi ya sa munka bar wa likita shi."

Sojan bai gane ba, ya ce masha Allah, ya ɗaga mana hannu. Muna wucewa dariya ta ƙwace mini, na danne filo, ɗinkin na ja kamar ana zare shi, hawaye na zuba. Ni kaina ban san na wanne ne ba. Kulu ba ta tambaya ba, ta dai miƙo mini bakin mayafinta.

Takwas da minti goma muka tsaya a Mayanci na taka ƙafa, na sha kunun tsamiya da ƙosai biyu. Daga nan muka karkata hanyar Anka. Ƙarshen damina ne, gero ya yi kai, ramukan hanya cike da ruwa. Isiya yana lallaɓa kowane rami kamar mai tsallake jariri a tabarma, har wani mai babur ɗauke da buhu biyu da akuya ya wuce mu yana waiwaye. Isiya ya ce, "Malama, don Allah in mun isa Gummi kada ki hwaɗi wanga abu a tasha. Ina da suna."

Goma da rabi muka shiga Anka, muka sauka gidan Sista Rifkatu. Nas ce 'yar Zuru, mun yi maƙwabtaka shekara shida a Gummi kafin a yi mata canjin wurin aiki, kuma ita ta matsa mini in je a duba ni lokacin da nake cewa zai wuce. Ta wanke hannu ta buɗe wurin, ta duba da kyau, ta ce ya kama, babu ruwa babu wari. Ta ajiye mini farfesun kaza, ta tsaya a kaina sai da na ga ƙasan kwano.

Da la'asar muna zaune a inuwar darbejiyarta ta ce, "Balki, kin gaya wa Inna?"

Na ce Inna dai ta san an cire ƙari. Sauran ba ta sani ba. Tun da na yaye Zainabu, shekara goma sha biyu, mahaifiyata ba ta fasa aiko mini da saiwa da rubutu ba, duk wanda zai zo Gummi sai ta ba shi ƙulli. Ta yaya zan dubi tsohuwar nan in ce mata ta daina?

Rifkatu ta ce, "Da bakinki za ta ji. Kada ki bari ta tsinta a gidan suna."

Malam ya ce ko shi zai faɗa mata, tunda shi ya sa hannu. Na ce a'a, uwata ce.

Laraba: Anka zuwa Bukkuyum

Ƙarfe takwas muka tashi. Rifkatu ta biyo mu har bakin mota tana jaddada wa Kulu cewa ko da wasa kada a bari kowa ya gasa mini wurin da ruwan zafi. Shinge biyu muka wuce, ba wanda ya tsare mu da tambaya. Tun daga mararrabar Bukkuyum nake jera maganar da zan yi a raina, ina rushewa ina sake ginawa, har Kulu ta ce, "Ke, bakinki na motsi. In wuridi ne ki sa ni ciki."

Goma da minti ashirin muka tsaya ƙofar gidanmu. Inna na tsaye a zaure da sandarta, an ce tun hantsi take nan. Ta kama fuskata da hannu biyu tana dubawa kamar mai zaɓen ƙwarya a kasuwa. Sannan ta ce, "Kin rame, amma idonki ya yi ja. Da hwari hwat yake. Alhamdu lillahi."

Ta shimfiɗa mini a gadonta, ta dama fura da nonon da wata Bafillatar maƙwabciyarta ta kawo. Bayan azahar, Malam da Isiya sun tafi gaida Kawu, sai ta jawo wata tsohuwar jaka daga ƙarƙashin gado ta fito da ƙulli.

"Wagga saiwa daga wajen Gwashi anka kawo min ita. Ba yanzu ba, sai kin warke. Tunda an share ɗaki, sai baƙo, in Allah ya so."

Duk abin da na jera a mota ya watse. Na ce, "Inna, babu ɗakin. Da shi anka cire."

Ta dube ni. Na sake faɗa a hankali, na gaya mata yadda likita ya samu, da yadda ya ce in an bar ta jinin ba zai tsaya ba. Na ce, "Ki yi haƙuri, Inna. Zainabu ke nan."

Ta daɗe tana juya ƙullin a hannu. Kulu da ke bakin ƙofa tana tsince wake ta tsaya cak, karo na farko da na ga bakinta ya mutu. Hawaye ya gangaro wa Inna ta cikin tsagar kumatunta, ba ta share ba.

Ta ce, "Haƙurin mi za ki ba ni? Ke kin san Hassi?"

Na ce na dai san sunan, ƙanwarta da ta rasu kafin a haife ni.

"Irin ciwonki ta yi. Jini, jini, har ta koma kamar takarda. Babu mai buɗewa ya gani a lokacin. A cinyata ta cika, ba ta kai shekarunki ba. Tun ranar da anka ce kin hwaɗi a makaranta ban yi barcin kirki ba, Hassi nike gani." Ta ajiye ƙullin, ta ɗora tafinta a kan hannuna da ke bisa filo. "Saiwar nan da nike aika miki, kin zaci jika nike nema? Ina da jikoki har ban san sunan wasu ba. Gani na yi duk gidan sunan da munka je, idonki na kan jaririn mutane. Abin da ranki ke so nike taya ki nema. Ni ke nike so, Balki. Ke na haifa."

Na kifa kaina a kafaɗarta na yi kukan da ban yi ba tun da na farfaɗo. Ba ta hana ni ba, tana dai cewa, "A hankali, ɗinki, a hankali."

Da na lafa, ta dubi jakar, wadda ashe cike take da ƙulle-ƙulle, ta ce, "To yanzu waɗannan duka ya za a yi da su? Ba a zubarwa. Kulu, zo ki kwashe."

Kulu ta yi tsalle har waken ya zube. "Gwaggo, ki ruhwa min asiri! Takwas gare ni! Ko inuwar jakar nan ta taɓa ni sai tagwaye!"

Inna ta yi dariya har sandarta ta faɗi. Ni ina danne da filo ina roƙonsu su bari, su kuwa kamar ana zuga su.

Alhamis: Bukkuyum zuwa Gummi

Tara saura kwata muka yi sallama. Inna ta cusa mana hoce da ƙullin kuka da daddawa a but ɗin mota. A nan Kulu ta tsaya, gidanta da 'ya'yanta na jira. Matar nan kwana tara ta yi a tabarma ƙarƙashin gadona, ita ke kai ni bayi, ita ke juya ni. Na buɗe baki zan yi mata magana. Ta ce, "Kada ki soma. In kinka yi min godiya sai in yi kuka, kuma ba ya yi min kyau." Ta juya da sauri ta shige gida.

Motar ta yi faɗi babu ita. Mun kusa Ɗaki Takwas Malam ya sa Isiya ya tsaya in taka ƙafa, ya fito ya riƙe mini hannu, abin da bai taɓa yi a bainar jama'a ba. Muna tafiya a gefen wata gonar dawa ya ce, "Ranar nan da likita ya miƙo min takarda, sa hannun da na yi ko a banki ba za su karɓa ba. Na ji tsoron ki tashi ki ce na yanke miki abin da ba ki yarda ba."

Na ce, "Da ba ka sa ba, da wa za ka riƙe wa hannu yanzu?"

Ya ƙara riƙe hannuna har muka koma mota.

Sha biyu saura minti biyar muka shiga Gummi. Maƙwabta sun share tsakar gida sun cika randuna, malaman makarantarmu sun aiko da kifi. Zainabu ta fito da gudu daga ɗaki, ta taho kamar za ta faɗa jikina, sai ta ja birki taku ɗaya a gabana, hannuwanta a buɗe, idonta na kan cikina. An gargaɗe ta, ashe.

Ta ce, "Inna, ta ina zan riƙe ki?"

Na kamo kanta na ɗora a ƙirjina na ce, "Ta nan. Nan ba a taɓa ba."

Mun iso lafiya. Ga likitan da nas-nas ɗin da suka tsaya a kaina, ga waɗanda suka ba da jininsu ban san fuskarsu ba, ga Rifkatu da Kulu da Isiya, da duk wanda ya tako ko ya kira ko ya yi addu'a daga nesa, Allah ya saka da alheri, ya sa kada ku ga ranar da za ku rasa mai riƙe ku.