Ruwa Mai Tsarki a Injin Barci

Cikin ranakun aikina da ba sa fita a raina akwai wata Talata a tsakiyar damina, da Malam Sale direba ya shigo sashenmu rungume da injin barcin da muka ba shi aro, ya ajiye a kan teburina ya ce ya gode, ya yafe. Ina ba ku labarin ne, ku da kuka zo aikin nan bayanmu, domin abin da ya kusa raba mutumin nan da sana'arsa ba lalacewar inji ba ce, ba kuma taurin kai ba.

A lokacin ni, Ilyasu, ni ne babban nas a sashen masu ciwon ƙirji na wani asibiti a nan Jos. A sama da ni akwai likitan ƙirji, shi ke duba mara lafiya ya yanke hukunci. A ƙarƙashina akwai Sista Kangyang, 'yar Birom, mace mai haƙuri da hannu mai sanyi, ita ke koya wa marasa lafiya yadda ake ɗaura takunkumi da wanke kayan injin. Talata ita ce ranar masu matsalar barci.

Ga wanda bai san cutar ba, minshari iri biyu ne. Akwai na gajiya, wanda ba ya damun kowa sai wanda ke kwance a gefe. Akwai kuma wanda naman maƙogwaro ke saki idan barci ya yi nauyi, ya toshe hanyar iska, numfashi ya ɗauke, sai mutum ya zabura kamar wanda aka shaƙe, ya koma barci bai ma san ya farka ba. Haka zai kwana yana yi, ya tashi da ciwon kai, ya wuni yana gyangyaɗi. Injin da muke bayarwa ba oksijin ba ne, kamar yadda dangi kan tsorata idan sun gan shi. Iskar ɗaki yake ja, ya tura ta cikin tiyo zuwa takunkumin da ke kan hanci, ƙarfin iskar ya riƙe maƙogwaro a buɗe. A jikinsa akwai ɗan tankin ruwa zaune a kan faranti mai ɗumi, don iskar ta ɗauki danshi. In babu wannan, a sanyin garin nan, hanci bushewa yake yi har ya yi jini.

Malam Sale a Nasarawa Gwom yake zaune, babbar mota yake ja, yana lodin shanu zuwa kudu. Gyangyaɗi ya ɗauke shi a kan sitiyari da rana tsaka, motar ta sauka daga kwalta ta tsaya a cikin gonar mutane. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba, na mutum ko na dabba. Mai motar ya karɓi makulli, ya ce ba zai sake hawa ba sai likita ya tabbatar barcin nan ya sake shi. Ya kuma gaya masa ƙarara cewa idan lodin Babbar Sallah ya zo bai samu wannan tabbaci ba, wani zai ba motar. Sale bai san wata sana'a ba tun yana yaron mota, ga iyali, ga tsohuwa a gida.

Muka kwantar da shi da na'urar gwaji, ta nuna cutar ce, mai tsanani kuwa. Injinan aro kaɗan muke da su, masu jira kuma suna da yawa. Saboda haka ƙa'idarmu ita ce wanda ba ya amfani da nasa a karɓe a ba na gaba. Ba a kuma yi wa injin ƙarya, da kansa yake riƙe lissafin daren da aka kunna shi da wanda ba a kunna ba. Ranar da Sista ta ɗaura masa takunkumi, Sale ya dubi kansa a madubi ya ce shi da ya saba ganin ana ɗaura wa maraƙi don kada ya sha nono, yau ga shi abin ya zo kansa. Muka yi dariya, ya ɗauki kayansa ya tafi.

Da farko komai ya tafi daidai. Ya zo a duba shi idonsa ya washe, ya ce rabonsa da ya ji huɗubar Juma'a daga farko har ƙarshe ya manta, sai yanzu. Likita ya ce in ya ci gaba haka zai sa masa hannu kafin Sallah.

Sai ga shi wannan Talatar ya dawo da injin, yana tari, ido ya yi ja. Na ce ya zauna, na tambaye shi me ya faru.

“Baba Ilyasu, abin nan ba na jikina ba ne,” in ji shi. “Da na sa sai wari, sai tari. A bar ni da minsharina, shi dai bai taɓa sa ni tari ba.”

Na ce, “To motar fa?”

Ya sunkuyar da kai.

Likita ya duba shi, ya ji ƙirjinsa yana ɗan kuka, ya duba lissafin injin ya ga an daɗe ba a kunna ba. Ya rubuta masa maganin tari. Ya ce a wannan hali ba zai iya cewa mutumin nan ya hau babbar mota ba, kuma gaskiyarsa ne, domin rayukan mutane ne a kan hanya. Ya umarce ni in shirya injin don wanda ke biye a layi.

Ƙa'ida ce duk injin da aka dawo da shi a buɗe shi a wanke kafin ya koma hannun wani. Da na zare tankin sai na ga ƙasansa ya yi baƙi, wani abu mai danƙo ya kama jikinsa, gefe-gefe kuma fumfuna ta fito. Tiyon ma yana tashin wari. Sista ta ce ko hayaƙin gawayi ne, tunda mutane kan kwana da shi a ɗaki saboda sanyi. Likita ya leƙo ya ce ya fi kama da ruwan tsohon ramin haƙar kuza. Ni kuwa na lakata da yatsa na shaƙa, na ji kamar ƙaro da gawayi, wato warin tawadar allo, wanda duk wanda ya zauna gaban malam ya sani. Ban tabbatar ba, kuma ba magana ce da ake jefawa a kan zato ba. Na fita na sami Sale a benci, na tambaye shi wa ke zuba ruwan tankin. Ya ce Inna ce, mahaifiyarsa, tun ranar farko ta ce hidimar ruwan tata ce, ba ta barin kowa ya zuba.

Na roƙi likita ya ɗaga mana zuwa Talata mai zuwa, ya kuma ba mu izini mu je gidan. Ya ce akwai mai jira fa, sannan ya ce mu je. Bayan mun tashi aiki, ni da Sista muka bi Sale a Keke Napep har Nasarawa Gwom.

Inna tsohuwa ce mai tsabta, ta shimfiɗa mana tabarma a bakin ɗakinta, aka kawo ruwa, muka gaisa a tsanake. Na yi mata godiya kan hidimar da take yi wa ɗanta, sannan na tambaye ta wane ruwa take zubawa. Ba ta ɓoye komai ba, ta ma faɗa ne da jin daɗi. Ta ce Sale ya dawo daga asibiti ya gaya mata an ce kada a zuba ruwan famfo, kada a zuba na rijiya, kada a zuba na leda, sai ruwa mai tsarki sosai.

“To Malam, ka duba mini,” in ji ta. “Ruwan famfo mai tsarki ne, da shi muke alwala. Na rijiya ma haka. Tunda aka ce duk ba su isa ba, me ya rage in ba zamzam da rubutu ba?”

Ta ce tana da zamzam da wata maƙwabciya ta ba ta tsarabar Makka, da shi ta fara, tana tsiyaya kaɗan-kaɗan. Da ya ƙare ta aika wa malamin unguwa ya riƙa rubuta ayoyin waraka ana wankowa. Nan na gane dalilin da ya sa farkon ya yi kyau, daga baya abu ya juya.

Sista ta dafe kai. Ta ce, “Baba, ni ce na faɗa masa haka.” Ruwan da ake so a tankin shi ne wanda aka dafa ya zama tururi aka tare shi, ba gishiri ba laka a cikinsa. Mutanen gari ruwan batir suke ce masa. Ita kuma ta ji tsoron ta ce wa direba ruwan batir ya je gareji a ba shi mai asid. Sai ta tuna yadda take jin mu a wurin aiki muna tambaya kafin alwala ko ruwan nan mai tsarki ne, ta ɗauka wannan ce kalmar da Musulmi zai fi ganewa da ita cewa ruwa ne da ba komai a cikinsa. Kulawa ce ta sa ta zaɓi kalmar, ba sakaci ba.

Amma fuskar Inna ta canza. Ta dube ni ta ce, “Yanzu Malam, kana nufin ayar Allah ce ta sa wa ɗana tari?”

A nan aikin yake. Da na ce mata rubutu ƙazanta ne a inji, da ta rufe ƙofarta, Sale kuma ba zai saɓa wa uwarsa saboda mu ba. Ni kaina ma bakina ba zai iya faɗin haka ba. Na ce, “A'a Inna, aya ba ta cutarwa. Sai dai ba ta isa gare shi ba.” Na ciro tankin daga jaka na miƙa mata. Na yi mata bayani cewa ɗumin farantin ruwa zalla yake ɗagawa, tawadar kuwa a ƙasa take zama, ƙaron ya dahu ya yi danƙo, fumfuna ta samu abinci, ita ce yake shaƙa. Abin da malam ya rubuta, ga shi nan duk a manne, ko ɗigo bai shiga jikin Sale ba. Sannan na tambaya, idan an ɗauraye tankin da safe, ina ake zubar da ruwan? Matar Sale daga bayan labule ta amsa a hankali cewa a makwarara, tare da na wanke-wanke.

Inna ta daɗe tana kallon tankin. Ta yi istigfari, ta sa aka kawo mata ƙwarya da ruwan ɗumi, ta wanke shi da hannunta a ciki, ta tashi da kyar ta kai ruwan gindin bishiyar gwaiba da ke tsakar gida ta zuba. Da ta dawo ta ce daga yau rubutu a kofi za a ba shi ya sha kamar yadda iyaye suka saba, inji kuma a ba shi abincinsa. Ta juya ga Sista ta ce, “Ke kuma 'yar nan, gobe in za ki ce tsabta ki ce tsabta. Tsarki sai ki bar mana, mu ma fama muke da shi.” Sista ta ce ta ji, Inna. Aka yi dariya, aka cika mata leda da gwaiba.

Washegari muka gaya wa likita. Ya ce a canza tanki da tiyo da takunkumi, a mayar masa da injin, kuma a riƙa ba shi ruwan a rufaffiyar kwalba daga ɗakin magani don kada a sake neman sunansa. Tari ya lafa. Lissafin injin ya dawo daidai, dare bayan dare. Ana saura kwanaki a fara lodin Sallah likita ya sa masa hannu, da sharaɗin ya tafi da injin da batirinsa duk inda zai kwana, kuma in ya ji nauyin ido ya faka. Mai motar ya ba shi makulli. Daga baya ya sayi injin kansa, namu ya wuce ga mai jira.

Abin da na ɗauka daga wannan shi ne, a garin nan da Hausa muke aiki dukanmu, amma ba Hausa ɗaya muke ji ba, kuma mutanenmu ba sa wasa da umarnin asibiti, wani lokaci bin sa suke yi fiye da yadda muka nufa. Tun daga ranar na daina tambayar mara lafiya ko ya gane, don kowa zai ce ya gane. Tankin nake miƙa masa in ce ya gaya mini abin da zai zuba da inda zai samo shi. Sannan in tambaye shi wa ke hidimarsa a gida, in ce ya zo mana da shi, domin sau da yawa wanda muka yi wa bayani ba shi ne mai zuba ruwan ba.