Wa Zai Zare Mini Filogi Yanzu?

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Da hantsin Talata, tara ga Maris, 'yarka ta bugo mini waya ta ce, "Kawu, Baba ya cika." Ina kan teburina, wani gyara da na rubuta yana jiran ka duba.

Ni da kai da faɗa muka fara, Malam. Wurin aikina ne suka ɗora mini auna tarin ƙananan umarnin da ka rubuta, waɗanda ake bugawa a baƙin allo don binciken yadda kanel, zuciyar manhajar kwamfuta, ke adana fayiloli. Ka sake su kyauta, kowa ya karanta ya gyara. Na karanta, na zazzage maka kurakurai ba sassauci, ina jiran zagi. Sai ka amsa: "Ƙanena, idonka da kaifi, bakinka ya fi. Zo ka taya ni."

Na zo na tarar da ɗaki mai fanka ɗaya, tsofaffin faya-fayan ajiyar bayanai jibge a kwalin takalmi. A nan na ga ƙa'idarka. Ba gyaran da zai shiga aikin sai an sa kwamfuta tana tsakiyar rubuta fayil, wani ya fizge filogi, a kunna a ga ko komai ya tsira. Kuma mai gyaran ba ya fizgewa da kansa. "Hannunka zai ji tausayin aikinka," ka ce. Kai kuwa ba ka taɓa jin tausayin nawa ba, dariya ma kake yi.

Mutanen da ba su san fuskarka ba sun amfana da kai, ba ka nemi ko godiya ba. Amma masu kula da aikin mu biyu ne kacal.

Yanzu wurin aiki suna jiran hukuncina: a riƙe aikinka ko a watsar. Ba zan yi musu ƙarya ba. Aikin lafiya lau yake, sai dai mai tsaronsa saura ɗaya, kuma na san wannan amsa za ta sa su watsar. Jiya na zauna a ɗakinka, filogi a hannuna, na kasa ja. Kewarka ta ishe ni, Malam.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya haskaka makwancinka. Ya ba Hajiya da yara haƙuri da juriya. Ni kuma Allah Ya kawo mini na biyu kafin aikinka ya bi ka.