Numfashi Uku a Rumfar Albasa

Silima ta farko da na shiga a Kumasi ce, ina saurayi mai fataucin goro. Fim ɗin na Indiya ne, ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na fito na san wanda ya ci amana da wanda anka cuta. Daga nan abin ya zame mini ciwo. Duk garin da fatauci ya kai ni, Ikko, Abijan, Kwatano, Yamai, sai na nemi gidan silima kafin in nemi mai tuwo. Na tashi da Dendanci da Zabarmanci, na tsinci Yarbanci da Faransanci a kasuwa, amma na fi son fim ɗin da ba na jin harshensa, don a nan ido ke yin aikin shi kaɗai.

Indiyawa da kiɗa suke kama mutum: goge ya fara kuka kafin yarinya ta fara, kai ma sai ka bi. 'Yan Sin da ƙara: naushin bai taɓa jikin kowa ba, amma an sa masa sautin da za ka ji a haƙarƙarinka. Amurkawa suna yanka hoto gutsu-gutsu kamar mahauta, ba su barin ka ka yi tunani. Faransawa su bar mutum yana kallon taga har ka gaji, ka fara zarginsa da wani abu. Namu na Hausa kuwa, mutum ya tsaya tsakiyar ɗaki ya gaya maka da bakinsa cewa ransa ya ɓaci. Abin da na tsinta wurinsu duka guda ne: fuskar mutum ba ta cewa komi ita kaɗai, abin da ka ajiye gabanta da bayanta shi ke sa mata magana. Nuna tsoho yana murmushi, ka bi shi da jariri, a ce kaka ne mai tausayi. Nuna murmushin nan dai, ka bi shi da mace tana wanka a gulbi, a ce tsohon banza.

Da ƙafa ta gaji na dawo gida Malanville. Kowace rana bayan la'asar ina zama a rumfar wani tsarana, maigidan albasa. Aikinsa tun na ubansa: manoman Garu da Madekali su kawo buhunansu a kan babur, su ajiye a rumfarsa, su koma gona. Kowane buhu manomi ya ɗinka masa hula a sama, inda yake jera manyan albasa, kuma babu mai taɓa wannan ɗinki sai mai saye ya zo da kamiyo, babbar motar kaya, daga kudu. Ba takarda, ba shaida. Dukiyar maigidan albasa ke nan, cewa hula ba ta kwancewa a rumfarsa.

Yana da baki. Duk lokacin da na fara labarin wata ƙasa sai ya tare ni gaban jama'a.

"Ku saurara, rediyo ya buɗe! Alhaji, ka zagaye duniya, mi ka kawo muna? Ni ban taɓa wuce Kandi ba, amma ga rumfa. Kai ina taka?"

Su yi dariya, ni ma in yi. Shekara shida ina yin wannan dariya.

Ina da ɗan ƙanwa, magidanci mai 'ya'ya biyu, mai ɗaukar hoton biki da suna. Ya so ya yi fim na labari, gajere, a kan dillalin da ke satar albasar manoma. Da ya gama ya kira ni shagonsa ya kunna mini a ordinata, wato kwamfuta. Ya sa wani mai kabu-kabu, ɗan hayar babur, ya fito a matsayin dillali, ya manna masa gemun auduga. Mutumin ya zaro ido, ya shafa hannuwa, ya dubi kamara ya ce, "Yau zan cuci talakawa!" Ƙarƙashinsa kiɗa yana ta rugugi kamar za a yi ruwa.

"Kawu, yaya ka gani?"

"Na ga mai kabu-kabu da auduga a haɓa. Ka taɓa ganin ɓarawon da ya yi shela? Koma ga amarenka, su ba su buƙatar hankali."

Kunya ta rufe shi. Na ce ya nuna mini sauran abin da ya ɗauka. A ciki akwai hotunan kasuwa da ya yi don cike gurbi: 'yan dako, kamiyoyi, jakuna, rumfuna. Sai ga tsarana zaune cikin shuɗiyar riga, buhuna jibge bayansa. Ya dubi dama. Ya dubi hagu. Ya sa hannu ƙasa, inda kamara ba ta kai ba. Ya yi wani ɗan murmushi na wanda ya tsira. Sannan hannun ya taso da alewa, ya jefa a baki.

Na san wannan dube-dube. Ciwon sukari gare shi, likita ya hana shi zaƙi, uwargidansa kuma tana da masu kai mata rahoto a kasuwa. Alewar tana ɓoye ƙarƙashin buzun da yake zama a kai.

"Tsaya nan," na ce. "Mayar baya. Ga dillalinka."

"Kawu, wanga hwa Baba ne na rumfar albasa."

"Ya san kana ɗaukar shi?"

"Ya sani. Har ya ce in hiddo shi da kyau."

"To za ka hiddo shi."

Na zauna kusa da shi na gaya masa yadda za a yi. A fara da manomi yana ɗinka hula a gona, a nuna yatsunsa kusa, a ga zufa. A nuna shi ya sauke buhu ya juya baya. Sai Baba: dama, hagu, hannu ya sauka. Nan a yanke, kafin alewa ta fito. A sa hannu kawai, cikin shuɗiyar riga, da aska, yana tsinka zaren hula yana zaro manyan albasa. Hannun mai kabu-kabu ya isa, fuskarsa a zubar da ita gaba ɗaya. Sai a koma ga murmushin Baba.

"Kiɗan hwa?"

"Cire shi. Kiɗa shina gaya ma mutum wasa ne. Bar ƙarar zare kaɗai, ɗas, ɗas, ɗas, da hayaniyar kasuwa can nesa."

Ya haɗa, munka kalla. Murmushin ya wuce da sauri. Na ce ya ja shi. Ya ja, ya yi yawa, har ya koma abin dariya. Na ce ya rage, ya bar shi daidai numfashi uku. A na farko mai kallo yana ganin fuska. A na biyu yana gane ta. A na uku yana tuna buhunsa da ya taɓa yi masa kamar bai cika ba. Da munka sake kallo, ɗan ƙanwata ya kama baki. Ni kaina da na san alewar, sai da na ji tsigar jikina ta tashi.

"Kawu, ina jin tsoro. In mutane sunka ɗauka gaskiya ce hwa?"

"Wa bai san fim wasa ba ne? Rubuta a farko cewa ƙagaggen labari ne."

Ya rubuta, da Faransanci. Na san manoman Garu nawa ke karanta Faransanci. A Abijan ko Ikko mutum ya ga fuska a fim, ya san ɗan wasa ne da ba zai taɓa gamuwa da shi ba. A nan, in ka ga wanda ka sani cikin rigar da ka sani, zaune a rumfar da ka sani, ba wasa ka gani ba, kama shi anka yi. Na san wannan tun kafin in ce a mayar baya.

Fim ɗin ya bi wayoyi, daga masu kabu-kabu zuwa 'yan dako, ya haye gada zuwa Gaya, ya gangara ƙauyukan bakin gulbi. Wani ya yanke sauran labarin ya bar wurin nan kaɗai, ba farko ba ƙarshe. Ban yi mamaki ba, shi ne kawai wurin da ke da rai.

Ranar kasuwa da hantsi ina rumfar lokacin da mutanen Garu sunka iso. Babura bakwai ko takwas, babu buhu ko ɗaya a kansu. Babbansu, wani dattijo da ubansa ma a rumfar nan yake ajiya, bai amsa gaisuwa ba. Ya jawo buhunsa tsakiyar hanya, ya tsinka hular da hannunsa, ya zazzage albasar a ƙasa gaban kowa. Ba a taɓa yi wa rumfar nan haka ba. Albasar lafiya lau, manyan suna nan a sama yadda ya jera su. Ya dube su ya ce da Dendanci, "Wannan bai kai gare shi ba tukuna." Sunka ɗora buhunansu a babura sunka kai rumfar da ke kallon ta tsarana.

Washegari da safe tsarana ya zo gidana. Tun da na dawo garin bai taɓa taka ƙofata ba. Ya zauna bakin tabarma, hularsa a hannu.

"Alhaji, kai ka san silima. Yaron ku ya yi kuskure, ban riƙe shi ba. Amma su ba su jin tawa. Mu tahi Garu ka yi musu bayani, kai za su yarda da kai."

Na ce to. Na ji daɗin roƙon, ba zan ɓoye ba.

Munka tafi mu uku, da ɗan ƙanwata da ordinatarsa. Anka tara mutane ƙarƙashin mangwaro kusa da masallaci bayan azahar. Na yi bayani da Dendanci, kuma na yi shi da gaskiya: yadda ake yanka, yadda ake haɗawa, hannun wani ne, ranar ma daban. Sannan anka kunna hoton asali. Dogo ne, yana rawa, jaki ya gitta, wata mai fura ta tare rabin fuska. Dama, hagu, hannu, murmushi, alewa.

Wurin ya fashe da dariya, don kowa ya san an hana shi zaƙi. Wani matashi ya kwanta ƙasa yana riƙe ciki.

"Alewa! Baba, ashe har uwargida kake yi wa!"

"Wanda ya iya ɓoye wa matarsa," in ji wata tsohuwa daga baya, "mu su wa?"

Dattijon da ya zazzage buhu bai yi dariya ba. Ya ce a sake kunna na farko, mai askar, anka kunna. Ɗas, ɗas, ɗas. Numfashi uku. Ya ce a kunna na biyu, hoton asali, anka kunna, yara sunka fara ihun alewa tun kafin ta fito.

"Alhaji," ya ce mini, "kai da bakinka ka ce ana iya haɗa hoto a sa mutum ya yi abin da bai yi ba."

"Haka ne."

"To wanga mai alewa shi kunka haɗa, don ku wanke abokinka. Dubi yadda shike rawa, ba shi da kai ba shi da gindi. Na farkon nan kuwa ko makaho ya ji zaren."

A matsayinsa na mai kallo, ya yi daidai. Na farkon ya fi kyau nesa ba kusa ba.

Ɗan ƙanwata ya sayar da ordinatar bayan wata biyu, ya koma ɗaukar amare da waya. Har yau in mun gamu gaisuwa ce kawai, ba ya zama.

Kakar albasa ta zagayo, mutanen Garu ba su dawo ba. Na Madekali sunka bi su ɗaya bayan ɗaya, ba da faɗa ba, kowa da uzurinsa. Rumfar ta koma inuwa da buzu. 'Yan hirar rumfar sunka ƙaura tsallaken hanya, inda buhuna suke. Ni na ci gaba da zuwa bayan la'asar, kuma yanzu in na fara labarin Abijan babu mai tare ni.

Wata rana muna zaune mu biyu, ya ɗaga buzu ya ciro alewa. Bai dubi dama ba, bai dubi hagu ba. Ya daina tun tuni, uwargidan ma ta daina tambaya. Ƙafarsa ta fara kumburi, akwai wani ƙurji a babban yatsa da ya ƙi warkewa.

"Na kalli abin nan ya hi sau ɗari," ya ce. "Rigar mai askar, ɗinkin bakin hannunta ba irin nawa ba ne. Ba wanda ya lura."

"Ba a lura da irin wannan. Ido shina wurin aska."

"Haka ne." Ya tsotsi alewar. "Yaron ku na san shi tun shina rarrahe. Ya iya kunna kiɗa, ya iya manna gemu. Amma ya cire kiɗa ya bar zare? Ya tsai da huskata daidai lokacin da mutum zai gane ni, ya ƙara kaɗan, sannan ya sake ta?" Ya girgiza kai. "Wanga aikin wanda ya zagaye duniya ne."

Ban musa ba. Tsallaken hanya ana loda kamiyon Kwatano, buhunan Garu ne, na gane su da ɗinkin hula.

"Na tambaye ka mi ka kawo muna," ya ce. "To, na gani."

Ya sake ɗaga buzu ya ciro wata alewar, ya miƙo mini. Na karɓa. Shi ya ɗauki ta uku.