Zomanyar da ta ƙi shiga kwalekwale

Mu masu karanta littattafan soyayya a Diffa muna da wata ƙa'ida tsakaninmu. In za ki miƙa wa ƙawarki littafi, sai kin gaya mata yadda ya ƙare. Ba duka labarin ba, kalma biyu ko uku sun isa: "An yi aure," ko kuma "Tanadi hankici." Wadda ta ce an yi aure alhali jarumin mutuwa ya yi, ba mai sake karɓar littafi daga hannunta. Ni ban taɓa yi wa kowa haka ba, kuma ina taƙama da wannan.

Da fitina ta rufe hanyar iyaka, littattafan suka daina zuwa. Mai hayarsu a kasuwa ya zauna da na ɗaya da na biyu, na uku bai iso ba, har ya gaji ya koma sayar da omo. Ina da masoya wajen goma da suka maƙale a tsakiyar labari, ban san ko iyayensu sun haƙura ba. A lokacin ne ƴar kawuna da ke karatu a Damagaram ta zo hutu, ta tura mini wasu labarai daga salularta zuwa tawa. Labarai ne masu zane. Kina taɓa gilashi, rubutu na fitowa a ƙasa da Faransanci, a sama kuma ga fuskokin masu maganar. Dukkansu dabbobi ne, amma tsaye suke da ƙafa biyu, sanye da riguna, suna kunya suna kishi kamar mu. Jefi-jefi labarin ya tsaya, ya ba ki abu biyu ki zaɓi ɗaya.

Inna ta leƙo ta kafaɗata ta gani, ta ce, "Oh ni! Maza sun ƙare a garin, yanzu kura ce saurayi?"

Ban damu ba. An hana babura, an hana cinikin tattasai, kowa fuskarsa a ɗaure. Ni kuwa ina da wani kerkeci mai ido ruwan toka da nake tunaninsa ina wanke-wanke.

A wannan shekara Malama ta sauka gidanmu. Ƴar dangin Inna ce ta nesa, tana koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ta wani ƙauye bayan garin Gueskérou, a bakin kogin Komadugu. Mijinta manomin tattasai ne. Ranar da suka ji cewa mutanen daji, ƴan bindigar nan, sun kusa, tattasansa na shanye a fili, ja wur. Ya ɗora ta a amalanke, ya ce ta yi gaba, zai zuba shi a buhu ya biyo ta cikin kwana biyu. Wata huɗu ke nan. Ta je sansanin Gagamari ta bi bukka-bukka tana tambaya, ta je inda ake rubuta ƴan gudun hijira, ba wanda ya gan shi. Sai ta fara cewa za ta koma ta duba da idonta. Kowa ya san abin da komawa can ke nufi.

Inna ta ja ni madafa ta ce, "Ke da ba ki da aiki sai karatun banza, yau ga ranarsa. Ki riƙe mini ita. Duk abin da zai sa ta zauna, ki yi."

Da la'asar na same ta ƙarƙashin dogon yaro, ta zuba wa ƙofar gida ido. Na zauna kusa da ita na ce, "Malama, an ce ke ma kina karanta na soyayya."

"Da can," in ji ta.

"Ina da wasu ba irin waɗanda kika sani ba. Fara da wannan. Wani kure ne mai gidan burodi, kowa na tsoronsa saboda dariyarsa, sai wata barewa mai ɗinki ta tare kusa da shi. Kullum yana ajiye mata burodi mai zafi a taga ya gudu."

Ta karɓa ta duba. "Kura da hular burodi. Ƙanwata, lafiyarki ƙalau?"

"Ki dai karanta."

"An yi aure?"

Da na ji wannan tambaya na san ta mu ce. Na ce, "An yi."

Ta karanta shi cikin kwana uku. Na ba ta na biyu, na wata damisa likita a jirgin ruwa da wani ɓauna matuƙi mai taurin kai. Wannan ya fi tsawo, kuma na gargaɗe ta cewa akwai kuka a tsakiya amma ƙarshensa lafiya. Tana karantawa tana gyara wa masu fassara Faransancinsu, tana tsaki irin na malamai. Ran nan har ta yi dariya, ta ce ɓaunan nan sak shugaban lakwal ɗinsu. In babu wuta mu kai salula wurin mai caji, mu zauna muna gardama a kan wanda ya fi dacewa da damisar. Mako uku ba ta ambaci komawa ba. Inna ta fara ƙara mini nama a miya.

Sai na ga lokaci ya yi da zan ba ta wanda na fi so, na kerkecin nan. Shi mai fito ne a bakin wani kogi, yana son wata zomanya. Yaƙi ya tunkaro garinsu. Ya sa ta a kwalekwale ya ce ta haye, zai kwaso kayansu ya biyo ta. Ta haye, ta yi ta jira, mutane na cewa ya mutu, sai wata safiya ga shi a ƙofarta, jiƙe sharkaf, da rauni a kafaɗa. Sau biyar na karanta shi, sau biyar ina kuka a wurin nan.

Ba wai ban ga kamar da ke tsakaninsa da labarin Malama ba. Na gani sarai, don haka ma na zaɓe shi. A tunanina magani ne. Za ta ga wadda ta bi maganar mijinta ta tafi, ta yi haƙuri, ya dawo.

"An yi aure?" ta tambaya.

"An yi, har da kiɗa. Wallahi wannan ya fi su duka."

Ina gefenta ina tsince shinkafa lokacin da ta iso bakin kogin. Labarin ya tsaya, rubutu biyu suka fito: ta shiga kwalekwale, ko ta zauna tare da shi. Yatsanta ya tsaya a sama.

"In ta zauna fa, me ke faruwa?"

Sau biyar ɗin nan duk kwalekwale na shiga. Ni da na tashi da littafin takarda, a wurina labari hanya ɗaya gare shi, ɗayan rubutun ado ne kawai. Kuma masoyinta ya ce ta tafi, wace jaruma ce za ta yi masa musu? Na ce, "Ai shiga ake yi, Malama. Taɓa na sama."

Ta taɓa na ƙasa.

Na ajiye tire na matso. Zomanya ta juya wa kwalekwale baya. Kerkeci ya yi faɗa, ita kuwa ta shiga taya shi ɗaure kaya. Can sai dogayen kunnuwanta suka miƙe, ta jiyo tafiyar mayaƙa tun suna nesa, shi bai ji komai ba. Ta fizgo hannunsa, suka bar kayan, suka nutse cikin ciyawar bakin ruwa har mutanen suka wuce. Suka haye tare. Aka yi aure, aka nuna wani zane da ban taɓa gani ba, su biyu da ƴaƴa uku a ƙofar sabon gida.

Malama ta miƙo mini salular. Muryarta lafiya lau, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

"An yi aure. Ba ki yi ƙarya ba."

"Malama, zane ne kawai. Wani ne ya zauna can ƙasarsu ya ƙaga."

"Na sani, ƙanwata." Ta gyara mayafinta. "Kin san kunnen maigidana na hagu ba ya ji? Injin ban ruwa ya kashe masa shi. A gida ni ce ke ce masa ana sallama."

Na yi ta magana. Na ce mutanen daji ba sa zuwa da tafiyar da ake ji. Na ce da ta zauna, da yanzu su biyu muke nema. Tana ta gyaɗa kai kamar yadda ake yi wa ɗalibar da ta yi ƙoƙari. Na ce ina da wani labarin, na wani dila mai sayar da turare, ban dariya ne zalla. Ta ce in bari sai gobe. Goben ta ce kanta na ciwo.

Ranar kasuwa ta ce za ta sayo sabulu. Azahar ta yi, la'asar ta yi. Wata mai sayar da kuɓewa ta gaya wa Inna ta gan ta a kan amalanken matan da ke satar hanya su koma gonakin kwari na bakin Komadugu. Inna ta bi har shingen sojoji na bakin gari, suka mayar da ita. Da ta dawo ba ta zage ni ba. Ta tambaye ni ko wani abu ya faru, na ce ban sani ba, don har yau ban san ko labarin ne ya tura ta ko dama ta riga ta yanke.

Bayan haka na zauna da labarin kerkecin, na bi kowace hanya, ina taɓa duk abin da ban taɓa ba. A rana ta huɗu na samu. In zomanya ta zauna, sannan a cikin ciyawa ta bar shi ya koma ɗauko buhu ɗaya, ana kama su duka biyu, allo ya yi baƙi, babu ko kiɗa. Taɓawa ɗaya ce tsakanin wannan da abin da Malama ta gani. Na fito tsakar gida da gudu riƙe da salula, na kira lambarta don in karanta mata. Muryar kamfani ta ce ba a samun ta. A can kwarin an daɗe da kashe layi. Na yi ta kira har damina ta faɗi, kogi ya cika, daga nan lambar ta koma hannun wani mutum mai sayar da taya a garin Maine, wanda ya roƙe ni don Allah in daina damunsa.